Idan Banki Ya Aiko Neman Bashinsa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yana ci, ɗan kasuwa yana ci, har gwamnati ma tana ci. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin da ke jawo kunya da hasara shi ne mutum ya ga takardar banki ya tura ta ƙarƙashin tabarma, yana tsammani in ya yi shiru za a manta da shi. Banki ba ya mantuwa. A wannan darasi za mu duba abin da ya kamata mutum ya yi tun daga ranar da takarda ta iso hannunsa.

Yadda bashin banki ke hawa kanmu

Mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo yawancinmu manoma ne. Muna noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama a fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Noman rani kuwa yana cin kuɗi tun kafin ya ba da ko sisi. Akwai iri, akwai taki, akwai man injin ban ruwa, ga kuma ladan 'yan ƙwadago. Wannan shi ke kai mutum ƙofar banki.

Bashin banki iri biyu ne da muka fi gani. Na farko shi ne rance, watau a ba ka kuɗi dunƙule, a yanka maka lokacin biya. Na biyu shi ne wanda ma'aikatan banki ke kira obadiraf. Ma'anarsa banki ya yarda ka ɗebi kuɗi daga asusunka fiye da abin da ka ajiye. A ce kana da naira 50,000 a asusu, ka ɗebi 250,000. To, 200,000 ɗin nan da ta hau ba taka ba ce, ta banki ce. Dillalan albasa da masu sayen shinkafa shanshera su suka fi karɓar irin wannan, don su sayi kaya lokacin araha su sayar in farashi ya tashi. Bashi ne na ɗan gajeren lokaci, kuma kowace rana ana lissafa masa kuɗin ruwa.

Akwai kuma rancen gwamnati da ke biyowa ta hannun bankuna. Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin nan na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi. Manoman shinkafa na Jihar Sakkwato su ma sun shiga. An haɗa manoma ƙungiya ƙungiya, aka ba su iri da taki da magani, bisa sharaɗin su biya da amfanin gona ko da kuɗi bayan girbi. Waɗansu suka ɗauka kyauta ce, suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ashe ba haka ba ne. A watan Maris 2023 Babban Bankin Nijeriya ya ce ya fitar da fiye da naira tiriliyan 1 a shirin, abin da aka mayar kuwa biliyan 503 ne. A ƙarshen 2023 ya daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance. Amma tsayar da shiri bai shafe bashin kowa ba. Sunan wanda ya karɓa yana nan a rubuce.

Dalilin da ya sa shiru ba ya magani

Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka wani dillalin albasa a Achida ya ɗebi naira 200,000 fiye da ajiyarsa. Mu ɗauka kuma kuɗin ruwan kashi 30 cikin 100 ne a shekara. Watau a watan farko naira 5,000 za ta hau. In bai biya ba, sai a haɗa 5,000 ɗin da uwar kuɗi, wata na biyu a lissafa ruwa a kan 205,000. Haka za a yi ta yi, ruwa yana haihuwar ruwa. Bayan shekara guda bashin ya kai wajen 269,000. Bayan shekara biyu ya kai wajen 362,000. Ban da wannan akwai tarar jinkiri. Kun ga mutumin nan bai ƙara karɓar ko kwabo ba, amma bashinsa ya kusa ninkawa. Yana barci, bashi yana tafiya.

Dā mutum yakan gudu daga wannan banki ya buɗe asusu a wancan. Yanzu wannan hanya ta toshe. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa. Lamba ɗaya ce ga mutum ɗaya, ko bankinsa goma ne. Sa'an nan daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da wani tsari mai suna GSI. Wanda ya sa hannu a takardar wannan tsari lokacin karɓar rance, in ya ƙi biya, bankin da ke binsa yana da ikon ɗibar kuɗinsa daga asusunsa na kowane banki. Har asusun da ya yi tarayya da wani ana iya taɓawa. Sai dai uwar kuɗi da kuɗin ruwa kaɗai ake ɗiba ta wannan hanya, ban da tara.

Bayan haka akwai ofisoshin da aikinsu shi ne ajiye sunayen masu cin bashi da yadda suke biya. Kowane banki yana aika musu da labari, yana kuma tambayarsu kafin ya ba da rance. Wanda sunansa ya ɓaci a can, da wuya wani banki ya sāke ba shi, ko da damina ta zo masa da babbar bukata.

Abu na farko: a karanta takardar

In takarda ta zo, kada a ji tsoro, kada kuma a yage ta. A zauna a karanta a hankali. In da Turanci aka rubuta, a nemi amintacce ya fassara, kamar malamin makaranta ko malamin gona. A nemi abu huɗu a cikinta. Wane banki ne ya aiko? Nawa ya ce yana bi? Kwana nawa ya bayar? Me ya ce zai yi in ba a biya ba? A rubuta ranar da takardar ta iso a bayanta, a ajiye ta wuri mai kyau inda gara da ruwa ba za su taɓa ta ba.

In saƙon waya ne ko kira, a yi hattara. 'Yan damfara sun iya kwaikwayon muryar ma'aikatan banki. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta kati, ba ya kuma tambayar lambar nan da ake turowa a waya. Duk wanda ya tambaye ka su, ɓarawo ne. Kashe wayarka, ka tafi bankin da ƙafarka.

Abu na biyu: a duba lissafin

Ma'aikacin banki ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Kowane mai asusu yana da hakkin a ba shi takardar lissafin asusunsa. Ka nemi taka tun daga ranar da ka karɓi kuɗin har zuwa yau. Ka nemi kuma kwafin takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Sa'an nan ka fito da rasit ɗinka duka, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin takardar lissafi. Shin duk abin da ka biya ya shiga? Shin kuɗin ruwan da aka sa shi ne wanda kuka yi alkawari?

Banki ba shi da ikon sa tara yadda ya ga dama. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2020, ta ce tarar jinkiri kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba a kowane wata. In ka ga abin da ya wuce haka, ko wani caji da ba ka gane ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Manoman da suka biya da buhunan shinkafa su lura da kyau. Buhun da aka kai wurin tattarawa ba tare da an karɓi takarda ba, kamar an zuba shi a gulbi ne. In akwai takardar, a kai ta banki a tabbata an rage bashin.

Abu na uku: a ba da amsa a rubuce

Maganar baki iska ce. Manajan da ya yi maka alkawari yau, gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki. Saboda haka a rubuta wasiƙa, a yi ta kwafi biyu. A ba banki ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a komo da ita gida. Ga misalin yadda za a rubuta:

Zuwa ga Manaja,
Bankin ..........., Reshen Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na sami takardarku ta ran .......... a kan bashin da ke asusuna mai lamba .......... Ban ƙi biya ba. Ruwa ne ya ci gonata ta shinkafa a watan Satumba, ga takardar shaida daga malamin gona na haɗo. Ina roƙo a ba ni takardar lissafin asusuna. Ina roƙo kuma a sassauta mini, in riƙa biyan naira .......... kowane wata, in biya sauran bayan na sayar da albasa. Ina roƙo a yafe mini tarar jinkiri. Ina jiran amsarku a rubuce.

Ni ne naku,
..........

Kun ga wasiƙar ba ta da tsawo. Ta faɗi dalili, ta kawo shaida, ta faɗi abin da mutum zai iya. Ba tilas ne banki ya yarda da dukan roƙon ba. Amma sau da yawa ya fi son a biya shi kaɗan kaɗan da ya shiga wahalar shari'a. Abu guda dai, kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya cikawa ba. Gara ka ce 10,000 ka cika, da ka ce 50,000 ka saɓa. Ka daidaita lokacin biya da lokacin samunka. Mai albasa a rudu ya san ba a watan girbi take yin kuɗi ba, sai ta yi wuya a kasuwa. In an daidaita, a rubuta sabon sharaɗin, kowa ya sa hannu.

In masifa ce ta hana biya

Mun san halin ƙasarmu. A watan Satumba 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da garuruwan da ke bin Gulbin Rima. A 2020 ruwa ya sāke cin shinkafa mai yawa a jihohin Sakkwato da Kebbi. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda suka afka wa Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yuli 2018, da kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, suka raba mutane da yawa da gonakinsu.

Irin wannan masifa ba ta shafe bashi da kanta. Amma hujja ce mai ƙarfi ta neman sassauci, in an kai labari da wuri. Rancen noma da yawa ana haɗa shi da inshora, ana cire kuɗinta tun farko. Akwai hukumar gwamnati ta inshorar noma, ana ce da ita NAIC. Ka tambayi banki ko rancenka yana da inshora. In ruwa ya ci gona, a sanar da banki da shugaban ƙungiya nan da nan, tun ɓarnar tana a fili. A ɗauki hoto. A nemi takardar shaida daga malamin gona, ko hakimi, ko uban ƙasa. Wanda ya bari sai bayan wata shida, wa zai gaskata shi?

Abin da mai karɓar bashi ba shi da ikon yi

Wani lokaci banki yakan ba waɗansu mutane aikin karɓo masa bashi. In suka zo, a karɓe su da mutunci, amma a nemi katin shaidarsu da takardar da banki ya ba su. Kada a ba su kuɗi a hannu. A zuba a asusun bashin, a karɓi rasit.

A watan Disamba 2019 Babban Banki ya fitar da ƙa'idodin kare masu hulɗa da bankuna. Sun hana zagi da tsoratarwa da cin mutunci wajen karɓar bashi. Sun hana a kira mutum ko a je gidansa tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 8 na safe, sai da yardarsa. Sun hana a bi maƙwabta da dangi ana matsa musu a kan bashin da ba su tsaya wa ba. In mai karɓar bashi ya yi ɓarna, bankin da ya aiko shi ne ke da alhaki.

Bashi kuma ba laifin ɗauri ba ne a hannun 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya kāsa cika yarjejeniya irin ta bashi. Sashe na 36 ya hana a kama ɗa ko mata ko ɗan'uwa a maimakon wanda ake nema. Maganar bashi ta kotu ce.

Amma a lura, akwai inda bashi ke zama laifi. Wanda ya karɓi kuɗi da takardun ƙarya ya yi zamba. Wanda ya sayar da abin da ya jinginar a ɓoye ya jawo wa kansa. Wanda ya ba da cek alhali ya san ba kuɗi a asusunsa, akwai doka tun 1977 da ta yanka masa ɗaurin shekara 2.

Jingina da tsayawa wani

In ka jinginar da gida ko gona ko injin ban ruwa, banki yana iya sayarwa in ka kāsa biya, gwargwadon abin da ke cikin takardar da ka sa wa hannu. Amma sai ya sanar da kai tukuna. Ƙa'idodin 2019 sun ce a ba mai kaya damar kwana 30 ya nemi mai saye da kansa, don kada a karyar masa da kaya. In an sayar, banki ya ɗauki hakkinsa, ragowar ta mai kaya ce. Abin da ba ka jinginar ba kuwa, ba mai ikon ɗauka sai da hukuncin kotu, kuma ma'aikatan kotu ne ke zuwa.

Wanda ya tsaya wa wani ya sani ba shaida kaɗai ya yi ba. Ya ɗauki nauyin biya ne in mai bashin ya gaza. Haka nan a rancen ƙungiya, sau da yawa kowa lamunin ɗan'uwansa ne. In ɗaya ya gudu, sauran su ake bi. Don haka kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ko ta ɗan'uwanka ce uwa ɗaya uba ɗaya.

In mai bashi ya rasu, daga dukiyar da ya bari ake biya kafin a raba gado, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tsara. Magada su kai wa banki labarin rasuwar a rubuce. Ba a bin su daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya wa mamacin.

In sammaci ya zo, ko in an zalunce ka

In kotu ta aiko da sammaci, lalle ka je ranar da aka sa. Wanda bai je ba, ana iya yanke hukunci a bayansa, ko da yana da gaskiya. Ka tafi da takardunka duka. Ka faɗi abin da ka yarda ana binka, ka faɗi wanda ba ka yarda ba. Kana iya roƙon alƙali ya yanka maka biya kaɗan kaɗan. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi shawara a ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya da ke Sakkwato.

In kuwa kai ne ke da kuka, a ce an ɗora maka cajin da ba daidai ba, ko an ci mutuncinka, ka fara kai ƙara bankin a rubuce, ka karɓi lambar ƙararka. Ana ba banki mako biyu, ko kwana 30 in maganar rance ce ko caji. In lokacin ya wuce ba a share maka hawaye ba, sai ka kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Yana da reshe a cikin birnin Sakkwato. Ba a biyan ko kwabo don kai wannan ƙara.

Gargaɗi guda ya rage. Kada a ci sabon bashi mai tsada don a biya tsoho. Masu ba da rance ta waya suna da saurin bayarwa, amma ruwansu yana da yawa, kwanakinsu kaɗan ne. Wanda ya yi haka ya fito daga rami ya faɗa rijiya.

Ranar da ka gama biya, kada ka tafi hannu sake. Ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka kome. Ka karɓi takardun jinginarka. Ka roƙi banki ya sanar da ofisoshin ajiye sunaye cewa ka biya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rance da obadiraf?
2. Waɗanne abubuwa huɗu za a nema cikin takardar banki?
3. Don me ake yin wasiƙa kwafi biyu?
4. Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa aka hana mai karɓar bashi ya zo gida?
5. Wane nauyi ne ke kan wanda ya tsaya wa wani?
6. Ana bin wani manomi naira 120,000. An yafe masa tara, an tsayar da ruwa, aka ce ya riƙa biyan 15,000 kowane wata. Wata nawa zai yi kafin ya gama?
7. Kowa ya kwafi wasiƙar da ke cikin wannan darasi a littafinsa, ya cike guraben da aka bari.